Mai Masaukin Alhaji Saley

Shafi na 27

Alhaji Saley ya ci amana. Masu rubuto mini cewa kuskure ne, dattijo ne, in sassauta masa, ku huta. An ba shi sirrin da ran mutum biyu ke rataye a kansa, ya dafa ƙirji ya ce ya riƙe, mako bai zagayo ba ya sake shi. Cin amana ake kiran wannan, ko da carbi a hannu aka yi shi.

Mutum biyun kun san su. Raliatou, ƙanwar Halimatou mazauniyar Lyon ta Faransa, wadda ta tafi aikatau wata ƙasar Larabawa, aka ƙwace fasfonta, aka yi ta dukanta har ta gudu. Da Nassim, lauyan da ya ɓoye ta. Ƙungiyarsu ta kare haƙƙin ɗan Adam rabinta na can cikin ƙasar tana aiki a ɓoye, rabinta na gudun hijira a Paris a hannun yayarsa Safa. A dokar ƙasar, duk wanda aka kama yana hulɗa da ƙungiyar waje, kurkuku ne. Sunan ƙasar ba zan faɗa ba. Bakin da ya riga ya saki ya isa.

Shi Alhaji, shugaban 'yan Maraɗi ne na Lyon, yana da shagon turare da dabino a unguwar Guillotière, yana jin Larabci. Shi ya sa Halimatou ta roƙe shi ya riƙa yi musu tafinta.

Da safe Safa ta kira Halimatou.

"Ki zo Paris yau, ke da Alhaji. Kada ki tambaye ni komai a waya."

Azahar ta same su a ofishin, ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran waya. Bango cike da hotunan mutanen da aka ɗauke ba a dawo da su ba. Kullum Safa da shayi take tarbarsu. Yau babu.

Alhaji ya gyara babbar riga ya fara jero gaisuwa da Larabci.

"Zauna," in ji Safa da Faransanci.

Ta aje wayarta a kan tebur ta danna. Muryar Alhaji ce ta cika ɗakin, da Hausa, cikin nishaɗi.

"Salamu alaikum jama'a, shugabanku ne Alhaji Saley. Albishirinku. Ɗiyarmu Raliatou ta kusa fitowa. Mun haɗa kai da manyan ƙungiyoyi na Paris da Geneva. Akwai wani yaron kirki can, avoka ne, wato lauya, Nassim sunanshi. Kowa shi sa shi cikin addu'a ranar Juma'a."

Halimatou ta juyo a hankali.

"Kawu. Mi kenan?"

"Vokal ne, saƙon murya, na sa cikin grup namu na waya." Har murmushi ya yi. "Addu'a na roƙa. Addu'a laifi ce yanzu?"

"Ba ka rantse ba?"

"Na rantse ba ni gaya ma baƙo. 'Yan Maraɗi baƙi ne? Kuma da Hausa na yi. Wa ke jin Hausa can?"

Safa ba ta jin abin da suke faɗi, amma ta ga murmushin.

"Ka san daga ina wannan ya zo mini? Ba daga Lyon ba. Daga can. Yana hannun mai gabatar da ƙara, da fassararsa ta Larabci, kalma bayan kalma." Ta ɗauke wayar. "Jiya suka ɗauke ƙanena a matakalar kotu, da rigar aiki a jikinsa."

"Innalillahi," in ji Alhaji.

Halimatou ta miƙe tsaye.

"Raliatou fa? Madam, Raliatou fa?"

"Wata daga mutanenmu na can ta je gidan da aka ɓoye ta. Ƙofa a karye. Babu kowa."

Halimatou ba ta koma kujera ba. A ƙasa ta zauna, bayanta jingine da ƙafar tebur.

Akwai kwamfuta a buɗe gefe guda, fuskar wata Baturiya mai furfura a ciki. Brigitte kenan, lauyar ƙungiyar Geneva da ke kai ƙarar irin su Raliatou gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun ɗazu tana saurare.

"Safa, dole ki ba mu amsa yau," in ji ta. "Sanarwar kama Nassim a shirye take, ƙungiyoyi da yawa sun yarda su sa hannu."

"In kun fitar da ita, kun tabbatar da tuhumar. Za su ɗaga takardarku a kotu su ce ga iyayen gidansa na waje."

"In mun yi shiru kuma, babu jakadan da zai tambayi inda yake. Kin san abin da ke samun wanda ba a tambaya."

"Na sani." Safa ta dubi hotunan bango, ta kau da kai. "Abokan aikinmu na Tunis fa?"

"Sun janye. Sun ce suna da nasu mutanen a can, ba za su jefa su ba."

"Ba ni lokaci kaɗan."

Ta rufe kwamfutar. Ta ja kujera har gwiwarta ta kusa taɓa ta Alhaji, abin da bai taɓa gani daga mace ba. Ya ja baya.

"Shekaru muka yi muna gina wannan hanya," in ji ta. "Na ciki ya tattara shaida, mu nan mu fassara, Geneva ta kai gaba, wani jakada ya ɗaga waya. Kowa ya san na kusa da shi kawai. Yau duk mutanenmu na ciki sun fasa wayoyinsu. Akwai wasu matan a ɓoye ban da Raliatou, yanzu ban san wa zai kai musu abinci ba. Amma ba don in gaya maka wannan na kira ka ba."

"To don mi?"

"A cikin saƙonka akwai sunan Nassim. Babu gidan. Ko ni ban san gidan ba. Wa ya ba su?"

Alhaji ya ɗauki carbi.

"Ni dai ban sani ba."

Halimatou ta ɗago kai daga ƙasa.

"Ka sani."

"Ke Halimatou, ki iya bakinki."

"Ranar da munka yi waya da Raliatou. Ta ce ƙamshin burodi ke tada ta da asuba, gidan saman masu gasa burodi yake, tana hango kasuwar zinariya ta taga. Da Hausa ta faɗa. Kai ka ce, 'A'a, ai na san wurin nan, nan nike sayen awarwaro.' Ba ka fassara ma Madam wannan ba."

Ta maimaita wa Safa da nata Faransancin na wurin aiki, a karye amma a fili.

Safa ta zuba masa ido.

Nan ne Alhaji ya fusata. Irin fushin wanda ya tabbata shi ke da gaskiya.

"To na faɗa! Mutum guda na gaya ma, kuma dole ne in gaya mishi. Mai masaukina ne!"

"Mene ne mai masauki?" in ji Safa.

"Ku ba ku san fatauci ba. Duk garin da falke ke zuwa, shina da mai masauki. Gidanshi kake sauka, shi ke aje maka kaya, shi ke tsaya maka in rigima ta tashi. Ubana gidan ubanshi ya sauka. Ni gidanshi nike sauka tun ban yi gemu ba. Yaya za a ce ina da magana cikin garin mutum, magana babba irin wagga, shi ji ta bakin wani? Da wane ido zan dube shi? Ai sai a ce ban da tarbiyya!"

"Balarabe ne?"

"Namu ne. Jikan Hausawa, can anka haife shi. Mutum mai mutunci, ya san manya. Na ce in an samu cikas wurin fitar da yarinya, shi sa baki. Taimako na nema mata!"

"Sunansa."

"Nazir. Alhaji Nazir mai turare."

Safa ta rufe ido.

"Ka san yadda aka yi ya san manya?"

Ba ta jira amsa ba.

"Duk 'yar aikin Afirka da 'yan sanda suka kama a birnin nan, shi ake kira ya yi tafinta. Matan da muka fitar, uku sun ambaci sunansa. Yana kawo musu abinci, yana kiransu 'ya'yansa, yana tambayarsu wa ya taimake su. Da haka yake riƙe da takardun zamansa."

"Ƙarya ne. Na ci abinci gidanshi."

"Su ma sun ci nasa."

"Ƙarya ne, wallahi! Bari ki ji da kunnenki."

Kafin Safa ta kai hannu ya riga ya danna kira, ya sa a lasifika. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta dubi Halimatou, ta girgiza kai.

Bugu biyu aka ɗauka.

"Marhaban da Alhaji! Ina gajiya? Ina iyali? Ina sanyin Faransa?"

"Nazir, bar gaisuwa. Mi ka yi?"

"Subhanallah. Me na yi kuwa? Abin da ka roƙe ni na yi, na sa baki."

"An kama yaron mutane!"

"Wannan tsakaninsa da hukumarsa ne, ya Alhaji, mu baƙi ne. Ni yarinyarmu na duba. Da ban shiga ba, da tuni an haɗa ta da shi. Lafiyarta lau. Yanzu ma ina wurinsu, na kawo mata shinkafa."

Halimatou ta manta da yatsan Safa. Ta rarrafo ta kama gefen tebur.

"Ba ni ita! Don girman Allah ba ni ita in ji!"

"Wace ce? Yayar ce? Allah sarki. To, minti ɗaya, kada su gani."

Aka ji ƙarar kujera, aka ji numfashi.

"Yaya?"

"Raliatou! Ƙanwata, sun taɓa ki?"

"Yaya, ki zo ki ɗauke ni. Sun ce in ba wanda ya zo, ranar Lahadi za su mai da ni gidan matar da na yi ma aiki. Yaya, in sunka mai da ni kashe ni za ta..."

Muryar Nazir ta dawo, a sanyaye.

"Kin ji dai lafiyarta lau. Ya Alhaji, abin mai sauƙi ne. Ba ruwansu da ita. Suna son babban mutum daga wajenku ya zo ya ce shi ne waliyyinta, ya amsa tambaya biyu uku a kan yadda aka yi, ya sa hannu, ya tafi da ita. Kai kana da biza. Ɗakinka na nan a share. Ni da kaina zan tarbe ka."

"Tambaya a kan mi?"

"Abin da ka riga ka faɗa ne. Ka gaishe da Hajiya."

Ya kashe.

Alhaji ya fassara wa Safa, yana faɗa yana samun ƙarfin gwiwa.

"Kin gani? Mutumin da kike zagi, shi ne ya buɗe ƙofa."

"Babu mai zuwa," in ji Safa.

"Madam?" in ji Halimatou.

"Murya a waya ba ta isa hujja a kotu ba, lauya zai ce haɗa ta aka yi. Abin da suka rasa shi ne mai muryar, a tsaye, yana cewa e, ni ne, na zauna a ofishin Paris, na ga Geneva a kwamfuta. Ranar da ya sa hannu, ƙanena ya tafi kenan. Shi ma kansa ba lalle su bar shi ya dawo ba."

"Ni? Da gemuna? Nazir na raye?"

Babu wadda ta kula shi.

"Ranar Lahadi, Madam," in ji Halimatou. "Kin ji da kunnenki."

"Ba ni mako biyu. Brigitte za ta nemi jakadanku ya..."

"Jakadanmu! Tun yaushe muke jiran jakadanmu? Matar nan da dutsen guga ta ƙona mata baya. Ke kika nuna mini hoton."

"Na sani."

"To?"

"Ƙanena ya ɓoye ta ne bai san ta ba. Ko sunan garinku bai iya faɗa ba. Yanzu kina so in ba da shi?"

"Ni ma ƙanwata ce."

"Ni ma ƙanena ne."

Matan nan biyu sun shafe watanni suna kuka a kafaɗar juna. Safa ta kwana gidan Halimatou a Vénissieux, gefen Lyon, ta ci tuwo da hannu. Yau suka tsaya, tebur a tsakani, kowace ta ga abin da ɗayar za ta iya yi.

"Ki yi mini alkawari," in ji Safa. "Ba zai hau jirgi ba."

Halimatou ta ɗauki jakarta.

"Halimatou."

"Za mu makara jirgin Lyon."

A cikin jirgin ƙasa ta juya fuskarta ga taga. Shi ne ya yi ta magana shi kaɗai, yana kawo tarihin ubansa da uban Nazir, har ya gaji ya yi barci.

Washegari da hantsi, daga wurin sharar da take yi a jami'ar Bron, ta hau tram, jirgin cikin gari, kai tsaye zuwa Guillotière. Ko rigar aiki ba ta cire ba. Shagon na buɗe, turaren wuta na tashi, Alhaji na auna wa wata 'yar Chadi dabino. Halimatou ta zauna a kan kwali a bakin ƙofa.

"Shigo ciki mana, ɗiyata."

"Nan ya yi mini."

Mai saye ta fita. Wani ya zo, ya gan ta, ya gaishe ta, ta amsa da ƙarfi yadda na waje za su ji.

"Lafiya lau. Ina jiran Kawu ne shi gaya mini ranar da za shi ɗauko Raliatou."

Alhaji ya fito da sauri.

"Ke, mi kike yi haka? Tashi mu yi magana ciki."

"Kai ka fara magana a waje, Kawu. Duk Maraɗi ta ji albishir. Inna ta yi sadakar masa a ƙofar gida. Jiya da dare ta kira ni tana tambaya wace rana za ta aika a tarbo ta Yamai. Mi zan ce mata?"

"Ki ce ana ƙoƙari."

"A'a. Kai za ka ce mata. Ga waya."

Ya dubi wayar bai karɓa ba.

"Balarabiyar nan ta ce kada in tafi."

"Yaushe ka fara jin maganar Balarabiyar nan? Da ta ce ka yi shiru, ka ji?"

Masu shagunan gefe sun fara leƙowa. Mahaucin Aljeriya na tsallake ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallo.

"Ko tsoro kake ji?" in ji Halimatou. "Ka ce mutumin kirki ne. Ka ce ubanka gidan ubanshi ya sauka. Ko dai kai ma ka san Madam ta faɗi gaskiya?"

"Nazir ba shi cin amanata."

"To mi ya hana ka?"

Ya tsaya yana huci. Da zai ce e, ya amsa cewa shi ne ya miƙa yarinya da lauya ga ɗan leƙen asiri, a gaban duk layin, da ya tsira. Bai iya ba. Girman kan da ya buɗe bakinsa tun farko shi ne ya rufe shi yanzu.

"Jibi," ya ce da ƙarfi, don 'yan kallo. "Jibi zan tashi. In dawo da ita a hannuna, ku duka ku gani."

Halimatou ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"Allah shi kai ka lafiya, Kawu."

Ta san abin da Safa ta faɗa. Ta san abin da sa hannunsa zai yi wa Nassim, mutumin da ya buɗe wa ƙanwarta ƙofa lokacin da duk garin ya rufe. A tashar tram wayarta ta yi ƙara, sunan Safa a kai. Ta dubi kiran har ya katse. Ya sake shigowa. Ta kashe wayar ta jefa a jaka.

Ban ce ta yi daidai ba. Wanda ya ɓoye maka naka, ba a biyansa da haka. Amma ku masu shirin zaginta a ƙasan wannan shafi, kowa ya fara tuna muryar ƙanwarsa tukuna.

Ranar Asabar da yamma waya ta shigo daga Yamai. Wani ma'aikacin filin jirgi ne, ya ce ga wata yarinya an sauke, ba jaka, ba takalmi, takarda ɗaya a hannunta, ta ba da wannan lambar. Halimatou ta ji muryar Raliatou, ta saki kuka a tsakiyar kicin.

Da ta samu kanta, ta kira Safa. Layin ya shiga, aka ɗauka.

"Madam, ta fito. Raliatou ta..."

"Sun karanta sa hannunsa a labaran yamma," in ji Safa. "Da sunana, da na Brigitte, da adireshin ofishin nan. An mai da Nassim kotun tsaro. Kada ki ƙara kirana."

Shi kuwa Alhaji Saley, Nazir ya cika alkawari, da kansa ya tarbe shi, da kansa ya yi masa rakiya har ofishin 'yan sanda, ya riƙe masa hula lokacin da yake sa hannu. Da ya gama ya miƙe zai tafi, aka ce ya zauna. Sun karɓe fasfonsa da carbinsa da babbar rigar. Tuhumarsa ɗaya da ta Nassim, hulɗa da ƙungiyoyin waje. Yana kurkuku.